Ɗalibai da magani kyauta a Jigawa: Wa ya cancanta?

Babu wata doka a Najeriya da ta ce duk wanda yake ɗalibi za a yi masa magani kyauta a asibitin gwamnati. Abin da dokoki suka tanada shi ne rangwame ga marasa galihu, kuma ɗalibi yakan shiga sahunsu ne kawai idan halin da gidansu ke ciki ya kai shi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci a wuri irin ƙaramar hukumar Miga ta jihar Jigawa, wadda ke kwance a fadamar Kogin Haɗeja. Akasarin mutanen yankin manoma ne da masunta da makiyaya, kuma kuɗin makarantar yaro da kuɗin maganinsa duk daga rumbu ɗaya suke fitowa.

A shekarar da ruwa ya ci gona, to babu ko ɗaya.

An sha ganin haka. A daminar 2022, ambaliya ta halaka fiye da mutane 100 a jihar Jigawa, ta kuma shafe gonakin shinkafa da gero da dawa a ƙananan hukumomin da ke bakin kogin, ciki har da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Ringim. Masana sun daɗe suna danganta matsalar da yawan ruwan sama, da ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano, da kuma ciyawar kachala wadda ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja.

Bayan ruwa ya ja kuma sai cututtuka su biyo baya: zazzaɓin cizon sauro, da amai da gudawa, da tsargiya wadda ta fi kama yara 'yan makaranta masu wanka da kamun kifi a kududdufai. Wannan lokaci ne dai da makarantu ke komawa sabon zango.

Abin da doka ta ce

Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma alhakin samar da isassun wuraren kiwon lafiya ga kowa. To sai dai sashen yana cikin babi na biyu ne, wanda shi kansa tsarin mulkin ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi. Ke nan manufa ce, ba haƙƙin da talaka zai iya ƙwata a gaban alƙali ba.

Dokar da ta fi kusa da batun ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda tsohon shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2014. Sashe na 3 ya bai wa ministan lafiya ikon tsara rukunin mutanen da za a yafe wa biyan kuɗi a asibitocin gwamnati, tare da la'akari da buƙatun mata da yara da tsofaffi da kuma masu naƙasa.

Dokar ta kuma kafa wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin kuɗin na sayen inshora ne ga talakawa, kashi 45 na magunguna da kayan aiki da ma'aikata a ƙananan asibitoci, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Sai a kasafin kuɗin 2018 ne aka fara ware wa asusun kuɗi, kimanin naira biliyan 55, wato shekaru huɗu bayan kafa dokar.

A watan Mayun 2022, tsohon shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar da ta rushe tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta NHIS, ta maye gurbinta da NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar, ta kuma tanadi asusu na musamman domin biya wa marasa galihu, waɗanda gwamnati ta ƙiyasta yawansu a lokacin da mutane miliyan 83.

Marasa galihu a wannan doka su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da kuma matalauta.

Babu ɗalibai a jerin. Ƙofar da ta rage musu ita ce ta ƙarshe, wato talauci, kuma ita ce mafi wuyar tabbatarwa. Ciki ana ganinsa, shekaru ana ƙirga su, amma talauci sai an sami wanda zai shaida.

Yadda ake tantance talaka

Hanyar da hukumomi suka fi dogara da ita ita ce rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda aka fara tattarawa a 2016 da tallafin Bankin Duniya. Jami'ai kan je gari su tara jama'a, mutanen garin su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, sa'annan su ambaci gidajen da suka fi kowa shiga wannan hali. Daga nan sai a bi gidajen ana rubuta yawan mutane, da irin gini, da abin da aka mallaka.

Abin lura a nan shi ne, gida ake yi wa rajista, ba mutum ɗaya ba. Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, ana auna shi ne da gidan mahaifinsa a Zareku ko Sansani. Idan gidan bai shiga rajistar ba, ko kuma ba a ƙirga shi ba saboda ba ya gari ranar da aka zo, to da wuya sunansa ya fito.

Akwai kuma wani abu da takarda ba ta faɗa. A idon mutanen ƙauye, gidan da ya iya tura ɗa jami'a bai cika kama da gidan da ya fi kowa talauci ba, ko da kuwa akuyar uwar yaron aka sayar aka biya kuɗin rajistar. Sa'annan ita rajistar hoto ce ta ranar da aka ɗauke ta. Magidancin da aka rubuta yana da rufin asiri a watan Maris, yana iya wayar gari ba shi da ko dami ɗaya a watan Satumba.

Batun yawa ma yana nan. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a kan talauci na 2019 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna rayuwa a ƙasa da mizanin talauci, wanda a lokacin aka yanke shi a kan naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya. Jihohin Sakkwato da Taraba ne kawai suka fi ta. A ƙasa baki ɗaya adadin kashi 40 ne.

Inda kusan mutum tara cikin goma talakawa ne, tantancewa takan koma zaɓen wanda ya fi wani shiga uku.

Tanadin jihar Jigawa

Jihar ta daɗe da shirin kula da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, tun zamanin tsohon gwamna Sule Lamido, wanda a ƙarƙashinsa aka kafa tsarin lafiya na Gunduma a 2007. A 2019 kuma, a zamanin Muhammad Badaru Abubakar, aka kafa hukumar JICHMA mai kula da tsarin taimakekeniya na lafiya, wadda ta hannunta ne kason inshora na asusun tarayya ke isa ga jama'a.

Wanda aka yi wa rajista ana haɗa shi da wata cibiyar lafiya ta matakin farko a mazaɓarsa. A can ake duba shi, a ba shi maganin cututtukan yau da kullum, idan kuma abin ya fi ƙarfinsu su tura shi babban asibiti da takarda.

A 2024 gwamna Umar Namadi ya ƙaddamar da wani ƙarin shiri na jiha mai suna J-Basic, inda aka ce za a ɗauki mutane 500 daga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287 na jihar, jimla 143,500.

Miga tana da mazaɓu 10, don haka kasonta a wancan rabo mutane 5,000 ne. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutane kimanin dubu 128. Ko da a ce ba a haifi kowa ba tun daga lokacin, kason bai kai mutum 4 cikin ɗari ba. Ƙari ne a kan waɗanda asusun tarayya ya riga ya ɗauka, amma duk da haka ba lissafi ne da zai bar wa saurayi ɗan shekara 20 mai ƙoshin lafiya wuri ba, alhali ga zawarawa da tsofaffi da masu naƙasa a layi.

Shi kansa tunanin yafe wa talaka ba sabo ba ne a jihar. Bayan tsuke bakin aljihun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara a 1986, da kuma yarjejeniyar Bamako ta 1987, asibitocin gwamnati sun koma sayar da magani domin a riƙa juya kuɗin ana sayo wani. Daga baya, a shekarun 2000, an gwada wani tsari a Jigawa da tallafin Birtaniya, inda ake ɗaga wa wanda ba shi da kuɗi a hannu ƙafa har ya samu, a kuma yafe wa wanda ba shi da hali sam. Matsalar irin wannan tsari a ko'ina ɗaya ce: duk maganin da aka bayar kyauta giɓi ne a asusun asibiti, kuma idan ba a cike shi daga sama ba, ma'aikata kan daina yafewa ko kantar maganin ta bushe.

Daga shekara 5 zuwa 18

Idan aka bi rayuwar yaro daki-daki, za a ga inda rumfar take yoyo.

Kafin ya cika shekara 5 yana cikin shirin kyauta, har da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a lokacin damina. Da ya cika 5, wato dab da lokacin shiga firamare, sai ya fita.

Daga nan abin da ya rage masa shi ne shirye-shiryen da suka shafi wata cuta takamaimai, waɗanda ba a tambayar kowa ko talaka ne. Maganin tarin fuka kyauta ne, haka ma maganin rage kaifin cutar ƙanjamau. Akan raba maganin tsargiya da na tsutsar ciki a makarantu. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. A watan Maris na 2024, bayan ɓarkewar sanƙarau, an yi wa masu shekara 1 zuwa 29 sabuwar allurar rigakafi a Jigawa da Bauchi da Yobe, abin da ya sa Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da ita.

Amma zazzaɓin taifot, ko karaya, ko tiyatar gaggawa, waɗannan na aljihun uba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun sha nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye.

'Ya'yan ma'aikatan gwamnati sun ɗan fi samun sauƙi. A tsarin inshorar ma'aikatan tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2005, ana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A ƙasar da auren mace fiye da ɗaya da yawan zuriya suka zama ruwan dare, mai gida kan zaɓi waɗanda zai rubuta, sauran kuma sai ya biya musu daban. Kuma ranar da yaro ya cika 18, wato shekarar da galibi yake neman shiga jami'a, sunansa ya faɗi.

Inshorar manyan makarantu

Domin wannan giɓi ne aka ƙirƙiro shirin TISHIP, wato inshorar lafiyar ɗaliban jami'o'i da kwalejoji. Ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa a matsayin magani kyauta, alhali su ne suke biya. Kuɗin yana cikin jerin abubuwan da ake karɓa lokacin rajista, kuma an shafe shekaru mafi ƙarancinsa naira 2,000 ne a kowace shekarar karatu.

Asibitin makaranta shi ne matakin farko. Idan ciwon ya fi ƙarfinsa sai a tura ɗalibi babban asibiti, kamfanin inshora ya biya gwargwadon abin da yarjejeniya ta ƙunsa. Ba dukkan makarantu ne suka shiga ba. Wasu suna karɓar kuɗin asibiti ne su gudanar da abinsu da kansu.

Shirin bai san talaka ba, bai san mai kuɗi ba. Wanda ya yi rajista ya shiga, wanda bai samu kuɗin rajista ba yana waje, ko da yana zuwa aji kullum. Ke nan wanda ya fi buƙata shi ne ya fi saurin rasawa. Haka kuma ciwo ba ya jiran a koma makaranta: ɗalibin da zazzaɓi ya kayar a Miga lokacin hutu ko yajin aiki, kuma ruwa ya yanke hanya, katinsa na asibitin makaranta ba zai yi masa wani amfani a wannan dare ba.

Asusun ba da lamuni ga ɗalibai na NELFUND ya ɗan taɓa wannan matsala ta bayan fage. Dokar farko da shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta taƙaita lamunin ga waɗanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, amma an cire sharaɗin a sabuwar dokar Afrilun 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, kuma ya fara da bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Tun da kuɗin asibiti yana cikin kuɗin makaranta, ɗalibin ya samu shiga. Sai dai bashi ne, kuma za a fara karɓarsa shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima.

Almajirai

Rukunin ɗaliban da aka fi mantawa da su a wannan lissafi su ne na tsangaya. Almajiri ya wuce shekara 5, ba ya gidan iyayensa balle a ƙirga shi a rajistar gida, ba shi da katin makaranta, kuma sau da yawa ba shi da takardar haihuwa ko lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda ake ƙara neman ta wajen shiga shirye-shiryen gwamnati.

Idan ya kwanta, malaminsa ne ko uwar ɗakinsa ke sayo magani a kemis. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, amma babban aikinta ilimi ne.

A nan ne tsohon tsarin al'umma yake shigowa. Masarautun Jigawa, ciki har da Dutse wadda Miga ke ƙarƙashinta, da kuma Haɗeja, suna da kwamitocin zakka da ke tattara hatsi da dabbobi da kuɗi ta hannun hakimai da dagatai. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu cin zakka, kuma malamai da dama suna ganin ɗalibin da neman ilimi ya shagaltar da shi daga neman abinci yana da rabo a ciki. To amma zakkar noma tana bin amfanin gona ne. Shekarar da aka fi buƙatarta ita ce shekarar da ta fi ƙaranci.

Gaggawa da haihuwa

Wuri ɗaya da doka ba ta bar ƙofar musu ba shi ne halin gaggawa. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma hukuncin saɓawa shi ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta hana kora ne. Ba ta ce ba za a kawo takardar kuɗi daga baya ba.

Ɗaliba mai aure kuwa, da zarar ta samu juna biyu ta shiga sahun da doka ta ambata da suna. A babban asibitin Jahun, maƙwabciyar Miga, ƙungiyar likitoci ta MSF tana karɓar haihuwa mai wahala da yin aikin yoyon fitsari kyauta tun 2008. A watan Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka zaɓa.

A wasu ƙasashe

Ghana, wadda ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta zaɓi hanyar shekaru: an ɗauke wa duk ɗan ƙasa da 18 biyan kuɗin inshorar, don haka ba sai an binciki rumbun mahaifinsa ba. Jamhuriyar Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma asibitoci sun shafe shekaru suna bin gwamnati bashin kuɗin da ya kamata ta mayar musu.

A Ingila ganin likita kyauta ne, sai dai ana biyan kuɗin magani. Ɗaliban da ke karatu na cikakken lokaci suna samun maganin kyauta har su cika shekara 19. Daga nan sai wanda ya cike takardar neman rangwame ta masu ƙaramin ƙarfi, inda ake auna abin da ɗalibin kansa yake samu da abin da yake kashewa, kuma shi ne yake nema da kansa a duk lokacin da halinsa ya canza. Ɗaliban ƙasashen waje kuwa, ciki har da 'yan Najeriya, an ƙara musu harajin lafiya zuwa fam 776 a shekara a watan Fabrairun 2024.

A Najeriya, lokacin da gwamnatin tarayya ke biya wa matashi inshorar lafiya ba tare da an tambaye shi halin gidansu ba yana zuwa ne bayan ya gama karatu. Tun daga 2022 ake sanya masu yi wa ƙasa hidima a cikin shirin, kuma yana ƙarewa ne da ƙarewar shekarar hidimar.